Mala'ikun Gondar da Idon Baƙo

Wanda ya tsaya a bakin gadar Gallabat ya fuskanci gabas, zai ga garin Matamma a ƙetaren rafi, bayansa kuma ƙasa tana ta hawa har ta zama duwatsu. Daga nan zuwa birnin Gondar kusan kilomita 200 ne. Mota takan bar zafin ƙasar riɗi da dawa, ta hau har inda tsayi ya wuce mita 2,000, inda mutum yake neman bargo da dare. Wannan ita ce ƙofar yamma ta tsohuwar masarautar Habasha, wadda sarkinta na ƙarshe, Haile Selassie, ya faɗi a 1974. Shekaru da yawa masu yawon buɗe ido sun saba bin hanya guda a cikinta: tafkin Tana da gidajen 'yan zuhudu, fadar Gondar, kwarurukan Simien, Aksum, da majami'un dutse na Lalibela. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma ba kowane gani yake korar ji ba, gama mutum yana iya zagaya waɗannan wurare duka, ya komo da jahilcin da ya tafi da shi. Ya kamata a auna wannan yawo, da abin da yake nunawa, da abin da yake ɓoyewa.

A Gondar akan fara kai baƙo Fasil Gebbi, wato fadar da Sarki Fasiladas ya fara ginawa bayan ya mai da garin babban birninsa a 1636. Ganuwarta ta kai wajen mita 900, tana da ƙofofi goma sha biyu. A ciki akwai benen Fasiladas mai hasumiyoyi, da na jikansa Iyasu na Ɗaya, da na Sarauniya Mintiwab. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1979. Aikin ya isa yabo, ya kuma isa ya rufe bakin wanda yake cewa baƙar fata bai san gini ba sai da Bature ya zo.

Laifin yawon shi ne, yakan tsaya a kan duwatsu da sunayen sarakuna, ya taƙaita rigimar da ta haifi birnin. Uban Fasiladas, Sarki Susniyos, ya karɓi ɗarikar Katolika a 1622 ta hannun firistocin Jesuit. Sai shugaban da aka aiko daga Turai, Afonso Mendes, ya ce a sāke yi wa mutane baftisma, a sāke naɗa firistoci, kamar dai shekara dubu da ɗari uku na bangaskiyarsu ba kome ba ne. Yaƙi ya tashi, Kirista suka kashe Kirista, har Susniyos ya sauka a 1632, ɗansa kuma ya kori baƙin. Wannan labari ya fi kowace hasumiya amfani ga mai aikin bishara, ko daga wace ɗarika ya fito. Wanda ya shiga gari ya rena abin da ya tarar, shi ne yake rufe ƙofa ga waɗanda za su biyo bayansa.

Wurin da ya fi cancantar tafiyar shi ne ƙaramar majami'ar Dabra Birhan Silase, wato Dutsen Hasken Triniti. Iyasu na Ɗaya ne ya kafa ta a ƙarshen ƙarni na 17, zanen da ke ciki yanzu kuwa na farkon ƙarni na 19 ne. An yi shi a kan ƙyalle, aka manna a bango. Wanda ya tuɓe takalmi ya shiga, ya ɗaga kai, zai ga rufin cike da fuskokin mala'iku layi-layi tsakanin azara, kowanne da manyan idanu da fikafikai, suna duban kowace kusurwa. A gaba akwai Triniti, ƙarƙashinsa kuma Almasihu a kan gicciye. Sauran bangayen suna ɗauke da labarin Yesu, da Maryamu, da tsarkaka a kan dawakai.

Ƙarfin wannan aiki iri biyu ne. Na fari, littafi ne ga wanda bai iya karatu ba. Manomin da bai san harshen Gi'iz na sujada ba yana iya bin labarin ceto da ido, daga haihuwa zuwa tashi daga matattu. Duk wanda ya taɓa koyar da ajin baftisma a ƙauye ya san darajar wannan. Na biyu, fuskokin na mutanen ƙasar ne. Yaran da suka girma da hotunan makarantar Lahadi, inda Yesu yake da gashin Turawa, sukan ɗauka bishara kayan jirgi ce. Rufin nan yana ƙaryata wannan zato ba tare da wa'azi ba. Bangaskiya ta kahu a Aksum tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, ta hannun Furumantiyus wanda Atanasiyus na Iskandariya ya naɗa bishof. Wannan ya riga shigar bishara cikin yawancin ƙasashen arewacin Turai.

Amma aikin yana da rauni, ƙauna kuwa ba ta hana a faɗa. An zana Triniti kamar tsofaffi uku masu kama ɗaya, suna zaune a jere. Nufin mai zane shi ne ya nuna ba babba ba ƙarami a cikinsu, wannan kuwa daidai ne. Duk da haka ido yakan ƙirga uku kafin zuciya ta tuna ɗaya. A Gadarif, inda maƙwabci Musulmi yakan tambayi Kirista ko alloli uku yake bauta wa, irin wannan zane yana ƙara wa mai amsa nauyi. Rauni na biyu yana cikin wata al'adar masu zanen Habasha: mutumin kirki akan nuna idanunsa biyu, mugu kuwa a kaikaice, da ido ɗaya. Dabara ce mai sauƙaƙa karatu, amma tana iya koya wa yaro cewa mugunta kullum a fuskar wani take. Wasiƙa zuwa ga Romawa sura 3 ba ta bar wa kowa wannan mafaka ba.

Akwai masu bi da suke shiga irin wannan ɗaki su fito suna cewa gumaka ne kawai. Sun dogara ga Fitowa sura 20, suna kuwa da gaskiya cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai. Sai dai a sura 25 ta wannan littafi aka umarta a ƙera kerubobi a bisa akwatin alkawari. Ashe abin da aka hana shi ne bauta wa siffa. Ko wanda yake sumbatar bango yana bauta ne, ko girmamawa yake yi, baƙon da ya yi rabin sa'a a wurin ba shi da mudun auna wannan. Baƙo makahon gari ne.

Akwai kuma batun da ya shafi Gallabat kai tsaye. Akan gaya wa baƙi cewa sa'ad da sojojin Mahadi suka ƙone majami'un Gondar a 1888, taron ƙudan zuma ne ya kore su daga wannan majami'a. Labarin zuma na baka ne, amma ƙunar gaskiya ce. Rundunar Hamdan Abu Anja daga Gallabat ta tashi. A watan Maris 1889 kuma, a filin nan na Matamma, aka harbi Sarki Yohannis na Huɗu, ya mutu, aka kai kansa Omdurman. Ba wanda zai musanta wannan. Amma idan aka tsaya nan, rabin gaskiya aka faɗa. Sarki Tewodros, wanda Kirista ne, ya washe majami'un Gondar a 1866. Jiragen Ingila sun jefa bama-bamai a fadar a 1941, sa'ad da suke korar Italiyawa. Tun kafin haka duka, sarkin Aksum da Musulmi suke kira Najjashi ya ba masu hijira daga Makka mafaka. Gallabat kanta Takari ne suka raya ta, wato alhazai daga yamma, waɗanda wasunsu sukan bi ta Gondar su sauka Masawwa su shiga jirgi. Kirista Bahaushe yana da dangi a kowane gefe na wannan tarihi. Labarin da ya mai da shi yaƙin addini biyu kawai, guba ne ga zaman kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya.

A Lalibela da Simien laifin wani iri ne. Majami'u goma sha ɗaya da aka sassaƙa daga dutse wajen ƙarni na 12 da na 13 ba kango ba ne, ana sujada a cikinsu har yau. Masu ziyara sukan yi kwanaki suna tafiya da ƙafa domin bikin Kirsimati na 7 ga Janairu. Baƙon da ya kafa wa tsohuwa kyamara tana cikin addu'a ya mai da 'yar'uwa abin kallo. Haka wanda ya yaba tsayin Ras Dashan, da ya wuce mita 4,500, bai kuwa lura da mai noman sha'ir a gangaren ba, ya ga halitta ya manta wanda aka yi cikin kamannin Mahalicci.

Hanyar ta ga wasu irin matafiya. Daga 2020 yaƙin Tigrai ya koro dubban mutane zuwa sansanin Um Rakuba a jihar Gadarif. Daga Afrilu 2023 kuma yaƙin Sudan ya tura dubbai ta gadar Gallabat zuwa Matamma, a shekarar nan kuwa faɗa ya ɓarke a yankin Amhara. Gudun Yusufu da Maryamu da jariri zuwa Masar yana cikin labaran da masu zanen Habasha suka fi so. Wanda ya ga wannan zane bai tuna da matar da ta ƙetare rafi da goyo ba, bai gan shi ba tukuna.

Saboda haka tafiyar tana da kyau, ba a hana kowa. Amma wanda Allah ya buɗe masa hanya, bari ya fara karanta Ayyukan Manzanni sura 8, ya tuna Filibus bai tsaya kallon karusar baban nan ba, ya hau ya zauna tare da shi, suka buɗe Littafi. Bari ya shiga majami'a a lokacin sujada, ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Ubangiji ya ba ƙasashen biyu salama.