Jaridar da Ba Ta da Ofis: Nazari kan Tashen Sahara Reporters

A shekarar 2006 Omoyele Sowore, tsohon shugaban ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Legas, ya buɗe shafi a intanet daga birnin New York, ya raɗa masa suna Sahara Reporters. Ba injin buga jarida, ba masu talla a bakin titi, ba wakili a fadar shugaban ƙasa. Jarinsa biyu ne: nisa daga hannun hukumar Najeriya, da ƙofar da kowa zai turo takardar sirri ta cikinta ba tare da ya faɗi sunansa ba.

Wannan salo yana da asali a gida. A zamanin Abacha mujallun Tell da TheNews da Tempo a ɓoye ake buga su, editoci ba sa kwana biyu a wuri ɗaya. A 1995 aka ɗaure Kunle Ajibade da Chris Anyanwu bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, shi kuwa Bagauda Kaltho, wakilin TheNews a Kaduna, ya ɓace bai sake dawowa ba. Rediyo Kudirat daga ƙetare take watsa shirye-shiryenta. Sowore ya fito daga cikin wannan gwagwarmaya, kuma darasin da ya ɗauka shi ne: wanda zai faɗa wa mai mulki gaskiya ya tsaya inda hannu ba ya kaiwa.

Rashin lafiyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ce ta fito da shafin fili. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da shi asibiti a Jidda. Mako ya bi mako, jami'ai na cewa yana samun sauƙi, tawaga na zuwa ta dawo ba ta sa shi a ido ba. Jaridun gida na taka-tsantsan, domin ofisoshinsu a Legas da Abuja suke, tallan gwamnati kuma shi ke biyan albashi. Sahara Reporters ya dage cewa jikin ya fi yadda ake faɗa tsanani. Majalisa ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba ranar 9 ga Fabrairu 2010, aka dawo da 'Yar'aduwa cikin dare a ƙarshen watan, ya rasu ranar 5 ga Mayu. Mutane ba su manta da wanda ya riga faɗa musu ba. A cikin watannin nan ne kuma shafin ya fitar da hoton Umar Farouk Abdulmutallab, ɗan Najeriyar da ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin sama, kafafen duniya suka ɗauka daga wurinsa.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ma'aikaci ne a wata ma'aikata, fayil ya biyo ta teburinsa, ya ga kwangilar da aka ninka kuɗinta. Ya ɗauki hoton shafukan da wayarsa, ya tura. Kashegari takardar na gaban duniya da hatiminta da sa hannunta, sama da ita an rubuta "majiya ta shaida mana". A ƙasar da dokar 'yancin samun bayanai ba ta samu sa hannu ba sai 2011, kuma har yau ma'aikatu ke jan ƙafa wajen bin ta, wannan hanya ta yi wa talaka aikin da ba wanda ya yi masa.

Amma a nan ne nake ganin raunin salon, kuma girma ƙara shi yake yi. Ba duk mai turo takarda ne mai kishin ƙasa ba. Wani abokin hamayyarsa yake son kayarwa, wani an hana shi kasonsa ne. Mai karatu ba ya ganin mai turowa, sau da yawa ba ya ganin ma sunan wanda ya rubuta labarin. Abin da ya rage masa shi ne ya yarda da mai shafin. Lokacin da shafi yake ƙarami, kuskurensa a kusa yake tsayawa. Da ya zama gidan labarai, kafin azahar an karanta a rediyo, an fassara shi da Hausa, ya zaga WhatsApp. Gyara in ya zo, ba ya bin duk inda labarin ya bi, mutuncin da aka zubar kuwa ba ya kwasuwa.

Kuɗi ma tambaya ce. Shafin ya samu tallafin gidauniyar Ford da ta Omidyar, abin da ya raba shi da roƙon gwamnoni, kuma wannan abin yabo ne. Takwaransa na Amurka, Talking Points Memo, wata hanya ya bi. Josh Marshall ya fara shi shi kaɗai a 2000. A 2007 masu karatunsa suka riƙa turo masa rahotannin garuruwansu kan korar lauyoyin gwamnatin tarayya, ya harhaɗa su har lamarin ya zama abin kunyar da ya taimaka wajen murabus ɗin ministan shari'a Alberto Gonzales. Daga baya ya jingina da kuɗin da masu karatu ke biya. Wanda ke biya yana da bakin tambayar yadda aka tabbatar da labari.

Babbar jarrabawa ta zo da Sowore ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2019 a jam'iyyar AAC. Kama shi da DSS ta yi a watan Agusta na shekarar, da ƙin sakinsa bayan kotu ta ba da beli, zalunci ne, ban ga hanyar kare shi ba. Sai dai hakan bai kawar da matsalar ba: gidan labaran da amincinsa ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da mutumin ya zama ɗan takara, duk labarin da ya buga kan abokan karawarsa sai an sake auna shi.

Kano ta ga wata hanyar. A Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na Daily Nigerian ya saki bidiyon da ake zargin Gwamna Ganduje na karɓar daloli, zargin da gwamnan ya musanta. Jaafar ya sa sunansa, ya kuma bayyana da kansa gaban kwamitin majalisar dokokin jihar don amsa tambayoyi. Aikin jarida ke nan yadda nake so in gan shi. An maka shi a kotu, a 2021 kuma ya bar ƙasar zuwa Birtaniya, yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari.