Zakin Barye da Masu Yi Masa Ta'wili

Akwai wata ɗabi'a da ta kafu tsakanin masu sharhin sassaƙa, wato da zarar sun ga dabbar tagulla ta wage baki, sai su hau yi mata ta'wili, su ce ishara ce ga faɗan wane da wane, har su yanke hukuncin wanda ya yi galaba. Ban musanta cewa akwai husuma a irin waɗannan ayyuka ba. Abin da nake inkari shi ne gaggawar hukuncin.

Hujjata ita ce zakin nan mai faɗa da maciji, wanda Antoine-Louis Barye ya nuna samfurinsa a bajekolin Faris na 1833, aka zuba shi da tagulla a 1835, aka kafa shi a lambun Tuileries, yau kuwa yana gidan tarihi na Louvre. Da yake juyin da ya ɗora Luwi-Filif bisa gadon sarautar Faransa ya auku a ƙarshen Yulin 1830, lokacin da rana ke burjin Asad, wato zaki, sai jama'a suka fahimci zakin a matsayin sarki, macijin kuwa fitinar da ya murƙushe. Shi ma sarkin bai ƙi wannan fassarar ba, tunda ya karrama mai aikin da lambar girma.

To amma duk wanda ya ƙura wa tagullar ido, ya ga yadda zakin ya danne macijin da dagi ɗaya alhali ya janye kansa gefe yana yaƙe haƙora, macijin kuma ya ɗago kai baki buɗe yana neman wurin sara, zai tabbata faɗan bai ƙare ba, kuma zakin da kansa a tsorace yake. Barye, wanda ya shafe shekaru a gidan namun daji na Jardin des Plantes yana zana dabbobi, yana auna gawarwakinsu, wani lokaci tare da abokinsa mai zane Delacroix, ya san haƙiƙar da fadawa ba su so ji ba, cewa ƙarfi ba ya hana dafi aiki. Shekara 18 kacal sarautar ta yi, juyin 1848 ya kifar da ita, sarkin ya yi hijira zuwa Ingila, inda ajali ya riske shi a 1850.