Suna Ba Sura: Sharhi a kan Littafin Dalziel da Koyon Zanen Tsire-tsire

A cikin 1916 aka buga wani ɗan littafi a London mai suna A Hausa Botanical Vocabulary. Wanda ya wallafa shi, J. M. Dalziel, likita ne na Gwamnati da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya riƙa tara ganyaye da furanni yana tambayar mutane sunayensu. Ya jera sunayen Hausa bisa tsarin abacada, ya sa wa kowane suna takwaransa na Latin, sa'an nan ya ɗan bayyana siffar tsiron da amfaninsa. Lalle duk mai nazarin Hausa bashinsa na kansa. Amma akwai giɓi guda a cikin aikin, wanda ya kamata malaman makarantun horon malamai su lura da shi, watau littafin suna ya ke bayarwa, ba sura.

Mu ɗauki magarya da kurna. Dangin juna ne, duka biyu suna da ƙaya, ganyen kowace kuma yana da manyan jijiyoyi uku da su ka taso daga gindinsa. Yaron da ya tashi a ƙauye ba ya rikita su, gama ya ci 'ya'yansu. Ɗan birni kuwa, in ka ba shi jerin sunaye, abin da zai samu kaɗai shi ne kalma biyu ta Hausa da kalma biyu ta Latin. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ya wuce gindin itacen bai san shi ba. To, ba shi fensir da takarda, ka ce ya zana ganyen ciki da baya. Da ya juya na magarya zai ga bayansa fari-fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne sumul. Abin da hannu ya zana da wuya ido ya mance shi.

Wani zai ce ai an riga an cike wannan giɓi. Gaskiya ne, Dalziel da John Hutchinson na lambun Kew sun fitar da Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, yana kuwa ɗauke da zane-zane na baƙin layi masu tsabta ƙwarai. A cikinsu ana tsaga fure a nuna cikinsa, a zana ƙwayar iri dabam an ƙara mata girma. Wannan hanya abar koyi ce, domin tana tilasta wa mai zane ya ƙirga, ya auna. Sai dai irin waɗannan surori an yi su ne don masana su tantance jinsi, galibi kuwa daga busasshen reshe da aka danne a takarda a ke ɗaukarsu. Busasshen reshe ba ya faɗin lokaci. Ba zai gaya maka cewa gawo yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani ba, alhali wannan hali shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona. Ba zai nuna maka cewa furen kuka da dare ya ke buɗewa, yana reto a kan dogon tsinke, jemagu na zuwa gare shi ba.

Saboda haka kuskure ne babba malami ya kwafi surar littafi a kan allo, yara su kwafa daga allon. Na taɓa sa wasu ɗalibai su zana ganyen kuka. Kowa ya zana mai yatsu biyar kamar tafin hannu, yadda ya saba gani a littafi. Da mu ka fita bayan aji, mu ka tarar da ɗan dashen kuka, ganyensa falle ɗaya ne, bai rabu ba tukuna. Wasunsu har su ka yi musu, wai ba kuka ba ce. Ashe hoton littafi ya rufe musu ido.

Haka al'amarin ya ke ga tsuntsaye. D. A. Bannerman ya bayyana tsuntsayen Afirka ta Yamma cikin littattafai 8 daga 1930 zuwa 1951, da surori masu kyau. Duk da haka, sai wanda ya zauna da fensir a bakin fadama zai gane da kansa cewa balbela naɗe wuya ta ke yi in tana tashi, shamuwa kuwa miƙe shi ta ke yi.

Ga mai nazarin harshe, abin da ke cikin haɗari ya fi darasin zane. Suna ba ya tsayawa wuri guda. Itace ɗaya wasu na ce masa darbejiya, wasu dogon-yaro, wasu maina, wasu bedi. Na Latin ma yana sakewa: gawon da Dalziel ya sani da Acacia albida, yanzu Faidherbia albida a ke kiransa. In tsoho ya faɗi sunan wani haki aka rubuta ba tare da siffarsa ba, ran da tsohon ya kau, kalmar ta zama kwanson da ba ƙwaya.

Shawarata ga malamai ita ce, kowane ɗalibi ya riƙe littafin zane. Ya zaɓi itace guda kusa da makaranta, ya zana shi da rani, da bazara, da damina, da kaka. Ya sa kwanan wata da wuri, ya rubuta sunan da dattawan garin ke kiransa da lafazinsu, sa'an nan a ƙarshe ya duba Dalziel. Kada a auna aikin da ƙawa, a auna shi da gaskiya: shin baƙo zai ɗauki takardan nan ya je ya gane itacen? In ya gane, ɗalibi ya iya. Dalziel ya yi nasa rabin aikin, saura rabin yana hannunmu.