Sarƙar Gaudi da ginin da ke cikin allo

Tun wajen shekarar 1898, maginin nan na Barsalona, Antoni Gaudi, ya rataya igiyoyi a rufin wata rumfa, ya ɗaura musu ƙananan jakunkuna cike da dalma, ya bar nauyi ya ja su yadda ya ga dama. Ya shafe kimanin shekara goma yana gyara wannan saƙa, ana ɗaukar hotonta ana kifewa, sai ga siffar cocin Colònia Güell ta bayyana. Hikimar ta girme shi. Masanin Ingila Robert Hooke ya riga ya nuna a 1675 cewa lanƙwasar sarƙar da ke rataye, in aka juya ta sama, ita ce siffar bakan da zai tsaya da kansa.

Abin da Gaudi ya yi da shekaru, yau ɗalibi na iya gwada irinsa a kwamfuta tsakanin azahar da la'asar. A 2007 David Rutten ya fito da Grasshopper, manhajar da ke tafiya tare da Rhino, inda mai zane ba ya rubuta umarni layi-layi. Akwatuna yake jerawa a allo, wannan na tsawo, wancan na nauyi, ya haɗa su da zare kamar mai ja wa gida wayar lantarki. Daga baya Daniel Piker ya ƙara mata Kangaroo, wadda ke kwaikwayon ja da turi da nauyi. Ka saki raga a allo, ta yi lilo, ta natsu, ta zama rufi. Ka matsar da ginshiƙi ɗaya, rufin duka ya sake zama a gaban idonka.

A nan ba ni da abin cewa sai yabo. Wanda bai iya lissafi mai zurfi ba yana ganin dalilin siffa, domin zaren da ke tsakanin akwatunan shi ne hujjar, a shimfiɗe, kowa na iya bi ya kama kuskure. (Da sharaɗin mai aikin ya iya tsari. Na ga allon da zarensa ya cukurkuɗe har mai shi ya rasa bakinsa.) Kuma wannan tunani ya haifi gini na zahiri. A bikin nunin zanen gine-gine na Banis a 2016, rukunin Philippe Block na jami'ar ETH ta Zurik ya kafa rufin Armadillo da sassaƙaƙƙun duwatsu 399, ba siminti ba ƙarfe a tsakaninsu, wasu kaurinsu bai wuce santimita 5 ba. Da tasu manhajar suka nemo siffar, amma dokar ta Hooke ce.

Ƙorafina yana kan ɗaya reshen, wanda ya fito daga wasannin bidiyo. Unreal Engine, tun fitowarta ta huɗu a 2014, tana da nata tsarin akwatuna mai suna Blueprints, kuma da ita ake gina zaurukan da mutum ke yawo a ciki, ya tura ƙofa ta buɗe, ya jefa dutse ya faɗi. Abin da ƙayatarwa. Sai dai nauyin da ke can an yi shi ne don ya gamsar da ido. Bango na iya tsayawa a iska har abada in mai zane bai ce masa ya faɗi ba, baƙo kuwa ba shi da hanyar sani. Gobarar Notre-Dame ta Paris a 2019 ta fallasa wannan ruɗu: jama'a suka yi ta yaɗa cewa da cocin da ke cikin wasan Assassin's Creed Unity za a sake gini. Ba a yi da shi ba. Wancan zane ne da aka daidaita don ɗan wasa ya ji daɗin hawa. Awon da marigayi Andrew Tallon ya yi da hasken leza, ɗigo sama da biliyan ɗaya, shi ne masana suka ɗauka da daraja.

Ko reshen da na yaba yana da iyaka, kuma ginin ƙasarmu ne ke nuna ta. Sarƙar Hooke tana bayanin bakan da matsi kaɗai ke riƙe da shi, dutse na danne dutse. Bakan gizo na maginin Hausa wani abu ne daban: azara ce ko sanduna ake ɗaurewa, wani na goyon wani, a lulluɓe da laka, itacen yana jure lanƙwasa, ƙasar tana ba shi jiki. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara a 1962 kuma ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ana iya shigar da siffarsa cikin allo cikin ƴan makonni. Amma wa ya auna ƙarfin lakar wurin bayan damina uku ba yaɓe? Wa ya sa gara cikin akwatunan? Manhaja abin da aka zuba mata take mayarwa, kuma galibin alƙaluman da ake da su a shirye na kankare ne da ƙarfe da katakon Turai.

Saboda haka duk ƙungiyar da aka kawo wa tayin adana wani soro ko tsohuwar fada a kwamfuta, ta tambayi mai tayin abu biyu tun kafin a kunna allo: wane magini ne ya zauna da shi, kuma in aka zare azara ɗaya daga rufin nasa, zai rufta?