Sarkin da ke kwana da allo

Mai karatu, in ka yi lakwal, ko ɗanka ya yi, ka san sunan Sharlaman, sarkin ƙabilar Farank wanda Paparoma ya naɗa sarkin sarakuna a Roma a shekara ta 800. An gaya wa yara wai shi ya ƙago lakwal. Har da hoto cikin littafi: tsoho mai farin gemu yana yabon ƴaƴan talakawa masu ƙwazo, yana yi wa ƴaƴan sarakuna faɗa don ƙyuya.

To, an sa gishiri. Makaranta ta girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ya yi, a 789 ya umurci malaman coci su buɗe wuraren koya wa yara karatu da lissafi, ya kuma kirawo masana daga nesa, kamar Alkuwin na Ingila. Gemun ma babu: kuɗin da aka buga da kansa gashin baki suka nuna.

Wannan da sauƙi. Abin da ya fi damuna Waƙar Rolan ce, wadda aka tsara wajen 1100. A 778 Sharlaman na komowa daga Andalus, mutanen Bask suka yi wa ƙarshen rundunarsa kwanton ɓauna cikin duwatsu, suka kashe Rolan. Mawaƙin ya ɗauke Bask ya sa Musulmi, don a zamaninsa Turawa na yaƙi da Musulmi kan Ƙudus. Bai faɗi cewa wasu sarakunan Musulmi ne suka gayyaci Sharlaman Andalus ba. Bai kawo zancen giwar da Halifa Haruna Rashidu ya aiko masa daga Bagadaza ba, wadda ta iso a 802. Littattafan yara kuwa sukan tsallake Sakson 4,500 da ya sa aka kashe a 782.

Kai mai karatun manya, ga abin da ya kamata a fara gaya maka. Ainhad, bafadensa da ya rubuta tarihinsa, ya ce sarkin yana jin Latin, amma rubutu ya gagare shi, don ya fara da girma. Yakan ajiye allo ƙarƙashin matashin kansa, in ya samu sarari ya jawo shi ya gwada baƙaƙe. Hannun ya riga ya saba da takobi. Har ya rasu a 814 bai iya sosai ba.