"A ƙara sadarwa" ba magani ba ne: abin da hatsarin Columbia ya nuna

Duk lokacin da wani abu ya lalace a ma'aikata, shawara ɗaya za ka ji daga masu horar da manajoji: a ƙara sadarwa. A buɗe sabon zauren WhatsApp, a ƙara tarurruka, a saka kowa a cikin kowane imel. Suna kiran wannan da kallon ma'aikata a dunƙule, wato ɗaukarta a matsayin tsari guda mai sassa da ke shafar juna. Ni kuwa ina ganin sun ɗauki sunan ne kawai, sun bar ainihin ilimin a baya.

Fara da lissafi. Idan mutum 10 za su yi magana kowa da kowa, hanyoyin da ke tsakaninsu 45 ne. Idan suka kai 50, hanyoyin sun zama 1,225. Fred Brooks ya yi wannan gargaɗin tun 1975, lokacin da yake bayanin dalilin da ya sa ƙara ma'aikata a aikin manhajar da ya makara ke ƙara makarar da shi. Idan dambu ya yi yawa, ba ya jin mai. Saƙon da ke da muhimmanci sai ya nutse cikin ɗaruruwan da ba su da shi.

Dubi abin da ya faru a hukumar NASA ta Amurka. Ranar 16 ga Janairun 2003 kumbon Columbia ya tashi. Kimanin daƙiƙa 82 bayan tashinsa, wani ɓallin soson da aka lulluɓe tankin mai da shi, wanda bai kai kilo 1 ba, ya daki fiffikensa na hagu. Injiniyoyi sun ga haka a bidiyo washegari, kuma hankalinsu bai kwanta ba. Sau uku aka nemi rundunar sojin Amurka ta ɗauki hoton kumbon yana sararin samaniya don a ga girman ɓarnar. Shugabannin aikin suka dakatar da buƙatar, domin ba ta biyo ta hanyar da suka sani ba, kuma da suka tambayi manyan sassa, ba wanda ya ce shi ne ke nema. Ranar 1 ga Fabrairu, kumbon ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa, 'yan sama-jannati 7 suka mutu.

To, ka lura: NASA ba ta rasa sadarwa ba. Imel ya yi ta yawo, an yi taruka, an rubuta rahotanni. Abin da aka rasa shi ne hanyar da mummunan labari zai bi daga ƙasa ya isa wurin mai yanke hukunci ba tare da an tace shi ba. Kwamitin bincike, a rahotonsa na Agustan 2003, ya ce tsarin hukumar da al'adarta sun taka rawa a hatsarin kamar yadda soson ya taka. Ya kuma gano cewa an juya nauyin hujja: maimakon shugabanni su tabbatar da cewa kumbon lafiya yake, sai aka bar injiniyoyi su tabbatar da cewa akwai haɗari, alhali an hana su hoton da zai ba su hujjar.

Ba wai shawarar buɗe ƙofofi ba ta da gaskiya ko kaɗan ba. Gwaje-gwajen da Alex Bavelas da Harold Leavitt suka yi a jami'ar MIT a wajajen 1950 sun nuna cewa siffar hanyoyin sadarwa tana canza sakamakon aiki. Rukunin da kowa ke kai saƙo ga mutum ɗaya a tsakiya ya fi sauri a aiki mai sauƙi, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idan aiki ya rikice, na tsakiyar nan yakan cushe, sai rukunin da babu shugaba a tsakiya ya yi gaba. Darasin a nan shi ne siffa, ba yawa ba, kuma siffar ta dace da irin aikin.

Saboda haka idan aka kawo maka tsarin sadarwa na ofishinku ko na ɗakin bincikenku, kada ka ƙirga zauruka da tarurruka. Tambayi abu uku. Idan ƙaramin ma'aikaci ya hango matsala, mutum nawa zai bi kafin maganarsa ta isa ga mai iko? Idan aka yi watsi da ita, akwai wata hanya ta biyu da ba ta bi ta kan wanda ya yi watsin ba? Sannan, shin amsa tana dawo masa, tare da dalili? Tsarin da bai amsa waɗannan ba, ko da zaure ɗari gare shi, kurma ne.