Kalmar "Undercount" da Matsalar Fassara Ta a Darasin Hausa

Wannan sashe zai duba kalmar Ingilishi "undercount", wadda malamai ke cin karo da ita a darasin fassara, musamman idan an ɗauko nassi daga jarida a kan ƙidayar jama'a. Ma'anarta ita ce a ƙirga abu, jimillar ta fito ƙasa da ainihin yawansa. Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau.

Ƙidayar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a watan Maris na 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Babban Birnin Tarayya Abuja kuwa miliyan 1.4. Gwamnatin Legas ta ƙi amincewa, ta ce mutanenta sun kai miliyan 17.5. Tun daga 2006 ba a sake wata ƙidaya ba, domin an ɗage wadda aka shirya yi a 2023, alhali da irin waɗannan alƙaluma ake rabon arzikin ƙasa da tsara yawan makarantu.

Fassarori uku aka fi ji, kuma kowace da rauninta. "Ƙarancin jama'a" kuskure ne tsantsa, domin jama'ar suna nan, lissafin ne ya gaza. "Kuskuren ƙidaya" ya yi faɗi, ya haɗa har da aringizo, wanda shi ne kishiyar abin da ake nufi. "Tauye ƙidaya" ya fi daɗin ji, amma a nan ne haɗarin yake, saboda tauyewa a kunnen Bahaushe zalunci ne da aka yi da gangan. Kalmar Ingilishin ba ta ɗora wa kowa laifi. Mai ƙidaya na iya tsallake gida bisa rashin sani, ko ya tarar da mai gida ya tafi cin rani. Wani lokaci ma wanda ake ƙirgawa ne ke ɓuya, kamar yadda makiyaya suka riƙa kora shanu daji a zamanin jangali. Ɗalibin da ya rubuta "tauye" a irin wannan wuri ya yanke hukuncin da marubucin asali bai yanke ba.

Bisa ga haka, muna ba da shawarar a sa "giɓin ƙidaya" a manhaja a matsayin suna, aikatau kuma a ce "an ƙirga ƙasa da adadi". A bar "tauye" sai inda nassin ya fito fili da zargi, kamar ƙorafin Legas.